Hannuwana sun riga ni tsufa, ina mafita?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 36, 'ya'yana biyar, ina zaune a Funtuwa. Ina sana'ar waina da safe a ƙofar gida, kuma ni ke wanki da wanke-wanken gidan gaba ɗaya, don babbar 'yata tana makarantar kwana, sauran huɗun maza ne. Damuwata hannuwana. Wanda ya ga fuskata ba zai ba ni shekaruna ba, amma hannun ya yamutse, ya yi kaushi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, in hunturu ya shigo kuma yatsu su tsattsage har da jini. Farcena ba ya tsayawa, sai ɓarewa, kuma gindin farce biyu ya kumbura yana yi mini zogi. Wata ƙawata ta ba ni haɗin man hasken fata, na yi wata huɗu ina shafawa. Bayan hannun ya yi haske, amma gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin. Yanzu ta ce in koma wani mai da ya fi shi ƙarfi, in riƙa goga lemun tsami. Bikin ƙanwata saura mako shida, wallahi kunyar miƙa wa mai ƙunshi hannu nake ji. Maigida ma ya taɓa zolayata a kai, na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ki ba ni shawara.

Uwar 'ya'ya biyar, daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa albarka a sana'a, ya raya zuri'a.

Abin da ya sami hannunki ba tsufa ba ne, aiki ne. Mace mai shekara 36 ba ta kai lokacin da fata ke yamutsewa don kanta ba. Ki lissafa sau nawa hannun nan ke shiga ruwa daga asuba zuwa isha'i: wanke shinkafa, dama ƙullu, wanke tanda, kwanukan masu saye, na gida, kayan makarantar yara huɗu, wankan ƙaraminsu, alwala. Fatar bayan hannu siririya ce, maiƙon da take fitarwa kaɗan ne, tafin hannu kuwa ba shi da kafofin maiƙo ko ɗaya. Ɗan abin da ke akwai shi ne ke riƙe danshi a cikin fata. Omo an yi shi ne don ya narkar da maiƙo, kuma bai san bambancin man gyaɗan da ke jikin tanda da maiƙon fatarki ba, duka yake kwashewa. Sabulun soda ya fi shi ɓarna, don sau da yawa akwai ragowar sodar da ba ta gama narkewa a cikinsa ba, ita ce ke sa ki ji yatsu suna santsi suna raɗaɗi bayan dogon wanki. In aka haɗa da ruwan bilicin na wankin fararen kaya, sannan iskar hunturu ta Funtuwa ta bi ta kai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, dole fata ta tsage. Wannan albishir ne a wurinki, don abin da aiki ya ɓata yana gyaruwa in an canza yadda ake aikin.

Amma kafin komai, ki ajiye man nan na ƙawarki. Kada ki koma wanda ya fi shi ƙarfi, kada kuma lemun tsami ya sake taɓa gaɓoɓin nan.

Irin waɗannan haɗe-haɗen da ake ɗurawa a roba babu suna babu lamba, yawanci abu uku ake samu a ciki: sinadarin haidurokwinon mai hana fata yin launinta, ko maganin ƙaiƙayi mai ƙarfi na rukunin sitiroyid irin su clobetasol, wani lokaci har da makuri, wanda ke taɓa ƙoda. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana jan kunne a kansu. Sitiroyid ɗin nan aikinsa a jikin mai shafawa kullum shi ne ya sirantar da fata. Ke da ke kukan jijiyoyi sun fito, kin yi wata huɗu kina shafa abin da ke ƙara fito da su. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan. Su kuma gaɓoɓin yatsu fatarsu ta fi kauri, tana da ninki, ba ta washewa da saurin da sauran hannun ke washewa, sai bambancin ya fito fili. Ƙari a kan haka, baƙar fata irin tamu duk inda aka dame ta da guga ko abu mai zafi, da baƙi take ramawa. Shi ya sa lemun tsami, da bakar hoda, da man goge baki, da duk abin da ake cewa a dirza a gaɓa, ƙara duhu suke yi. Lemun tsami ma yana da tasa illar ta daban: in ruwansa na jikin fata rana ta buge shi, yana iya ƙona wurin ya bar tabo mai duhu na watanni. Ke kuwa a waje kike zama da safe.

In a hannu kaɗai kike shafa man, ki daina kawai. Za ki iya ganin ƙaiƙayi ko 'yan ƙuraje a makon farko da na biyu, kada su ruɗe ki ki koma. In kuwa duk jiki kike shafawa, fuska da wuya da ƙafa, to kada ki yanke shi rana ɗaya ba tare da ganin likita ba, don sitiroyid da aka daɗe ana shafawa a jiki da yawa yana shiga jini, janye shi a hankali ake yi.

Sai gyara. Rabinsa ba shafe-shafe ba ne, raba hannu da ruwan omo ne. Ki sayi safar hannu ta roba mai kauri, mai tsawo zuwa kusan gwiwar hannu, irin wadda ake samu a shagunan kayan kicin, ba siririyar ta asibiti ba. Ki sayi biyu, ɗaya ta wanki, ɗaya ta wanke-wanke. Na san abin da za ki ce, duk matar da na faɗa wa haka amsarta ɗaya: ba na jin daɗin wanki da ita, kayan ba sa fita. Kwana uku ne za ki saba. In ki jiƙa kayan tun da dare, da safe ba sai kin dirje su da ƙarfi ba, ruwan ya riga ya yi rabin aikin. Abin lura shi ne gumi. Roba tana tara zufa, zufa kuma tana cin fata kamar yadda ruwa ke ci, don haka in kin yi minti ashirin ki cire, ki goge hannu, ki sha iska kaɗan. In kin samu siririyar safar auduga ki sa a ciki, ya fi. Bayan kin gama ki juya ta ciki waje ki shanya, wadda ta huje kuma a jefar, don ruwan omo da ya maƙale a cikin safa ya fi wanda ke cikin baho illa.

Ƙullun waina ki dama shi da muciya ko ludayi. Jajjagen attarugu da yankan albasa da tumatir, in yatsa na da tsaga, a sa safa ko a ba wani. Ruwan zafi ƙwarai yana daɗi da sanyin asuba, amma ya fi na sanyi kwashe maiƙo, ki tsaya a mai ɗumi. Zobe kuma ki cire shi kafin aiki, ƙarƙashinsa ne sabulu ke ɓuya.

Ɗaya rabin shi ne mai, kuma lokacin shafa shi ya fi tsadarsa muhimmanci. Mai ba ya kawo ruwa cikin fata, wanda ke ciki yake tsarewa. Saboda haka shafa shi a busasshen hannu da rana tsaka ba ya yin abin kirki. Ki shafa da zarar kin goge hannu, yana da sauran lema. Hanya mafi sauƙi da ba za ki manta ba ita ce ki ɗaura shi a kan alwala: ki ajiye ɗan gwangwanin man kaɗanya kusa da inda kike ajiye buta, kina idar da alwala ki lakato kamar ƙwayar wake, ki murza a tafi ya narke, ki bi bayan hannu da tsakanin yatsu da gindin kowane farce. Sau biyar ke nan a rana ba tare da kin yi wani tunani ba, kuma kafin wata sallar ya shige fata. Man kaɗanya na asali, wanda ba a zuba masa turare ba, ya ishe ki. Basilin fari ma haka, ya ma fi kowanne toshe tsaga. Losha mai ruwa-ruwa mai ƙamshi kuwa ba ta iya hunturu ba, turaren cikinta kan ƙara wa tsagaggen hannu raɗaɗi. In kina da hali, ki tambaya a kemis a ba ki man da ke da sinadarin yuriya kashi 10 cikin 100, yana laushin kaushi sosai, sai dai kada ki sa shi a inda ya tsage, zai yi zafi, ki bari ya rufe tukuna.

Da dare ne babban aikin. In yara sun kwanta, ki tsoma hannu a ruwa mai ɗumi, babu sabulu, na minti biyar. Ki ɗan dafa tawul a kai, kada ki goge tas. Ki shafa man kaɗanya da yawa har hannun ya yi naso, ki cusa basilin a cikin kowace tsaga, sannan ki zura hannu a tsohuwar safar ƙafa ta auduga mai tsabta ki kwana da ita. Da safe ki dubi gefen babban yatsa, inda fatar ta yi fari-fari tana tashi: za ki ga ta kwanta. Tsagar da ke buɗewa duk sanda kika lanƙwasa yatsa, ki manna mata filasta bayan basilin na kwana biyu ko uku, don motsi ne ke hana ta haɗewa. Dutsen goge kaushi na diddige ne, kada ya hau bayan hannu. Dilka da halawa da sauran gyaran jiki na biki ma ki ce a tsallake hannun sai ya warke.

Jijiyoyin kam, gaskiya zan faɗa miki, babu man da zai ɓoye su. Hannun da ke aiki jijiyarsa tana fitowa, wasu kuma gadonsu ne, kuma kitsen bayan hannu yana raguwa a hankali ga kowa. Ba ciwo ba ne. In fatar ta daina shan sitiroyid ta samu danshi, za su rage tsayawa a ido, iyakar abin da zan yi miki alkawari ke nan. Rana kuma tana tsofar da bayan hannu fiye da yadda mutane ke zato, musamman fatar da aka taɓa shafa wa man haske. Ki matsa da tandarki ƙarƙashin rumfa. In aljihu zai ɗauka, ki nemi man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ki shafa da safe, in ba zai ɗauka ba inuwar ta wadatar.

Yanzu farce. Yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, in aka maimaita haka sau goma sha a rana sai bakinsa ya rabu falle-falle ya ɓare. Safa da mai da na faɗa su ne maganinsa shi ma. Ki riƙa yanke shi gajere, bayan wanka lokacin yana da laushi, da abin yanke farce naki na kanki, ba da reza ba, ba da haƙori ba. Sunna ma ta ce kada a bar shi ya wuce kwana 40, mai sana'ar abinci kuwa mako-mako ya kamace ta. Kada ki yi kankarar ƙanzo ko buɗe murfi da shi. Masu yawo da almakashi suna yankan farce a kasuwa da tasha, ki hana maigida da yara miƙa musu hannu, ƙarfe ɗaya da ya taɓa jinin wani yana iya ɗaukar ciwon hanta ya kai wa wani. Farcen kanti da ake mannawa da sufa gulu, wanda na san za a kawo miki shawararsa saboda biki, ki ce a'a. Ana kankare saman farcen kafin a manna, ana jiƙa shi da sinadari mai busarwa kafin a cire, ruwa kuma yana ɓuya a ƙarƙashi ya ruɓe. Ga shi yana hana ruwan alwala isa ga farce, kamar yadda jan farce ke hanawa.

Kumburin gindin farce biyun nan shi ya fi damuna a duk wasiƙarki. A gindin kowane farce akwai 'yar siririyar fata da ta manne da shi. Ita ce ƙofar da ke hana ruwa da ƙwayoyin cuta shiga inda farce ke tsirowa. Yawan jiƙa yana ɗage ta, wasu kuma da kansu suke yanke ta wai don kwalliya. In ta tafi sai ruwan wanke-wanke da ƙullu su riƙa shiga, wurin ya yi ja, ya tasa, ya yi zogi in an taɓa, farcen da ke fitowa kuma ya zo da gargada. Wannan ba ya warkewa in dai hannu na cikin ruwa, kuma yakan ɗauki makonni ko da an kiyaye. Kada ki matse, kada ki huda da allura, kada ki ɗaura masa kananzir ko toka. Ki kai shi asibiti a duba, akwai man da ake rubutawa na ɗan lokaci. In ya tara ruwa, ko zogin ya koma bugawa yana hana ki barci, to ya zama ɗan karkare, ranar za ki tafi, ba gobe ba. Kuma yatsa mai ruwa kada ya kusanci ƙullu ko wainar da za a sayar, ƙwayar cutar da ke cikinsa tana iya ɓata cikin masu ci.

In kin je, ki roƙa a auna jininki. Haihuwa biyar ba wasa ba ce, kuma ƙarancin jini yana sa farce ya yi laushi, ya ɓare, wani lokaci tsakiyarsa ya lotsa gefe ya ɗaga. In an samu haka, maganin ƙarin jini da abinci ne za su gyara farcen, ba wani abin shafawa ba: hanta, nama, ƙwai, wake, zogale, alayyahu, a bi da lemu ko gwaiba. Shayi kuma a ba shi tazara da abinci, yana rage abin da jiki ke ɗauka. Fararen ɗigo-ɗigon da kan fito a farce ba alamar rashin wani sinadari ba ne, ɗan bugu ne da ya samu tun yana tsirowa, zai fice da kansa.

Me za ki samu a mako shida? Tsaga za ta rufe a mako ɗaya zuwa biyu. Kaushi zai sauka, hannu ya yi laushi, cikin wata guda. Farce yana tsawon kusan milimita 3 ne a wata, sai ya yi wajen wata shida kafin sabo ya maye gurbin tsoho gaba ɗaya, don haka ranar biki sabon bai fi rubu'i ba. Baƙin gaɓoɓi shi ne mai ɗaukar lokaci. Launin bayan hannun zai fara komawa irin naki na asali, bambancin ya ragu, amma watanni yake ɗauka, kuma za a yi lokacin da za ki ga kamar duhu kike ƙarawa. A nan ne mata da yawa ke karaya su koma wa robar. Launinki ne ke dawowa.

Ƙunshi kuwa ki yi abinki, ba mai ƙunshin da ba ta ga hannun da ya fi naki wahala ba. Sai dai ki zaɓi jan lalle na ganye, wanda ake kwaɓawa a bar shi sa'o'i kafin ya kama. Yana rufe farce da kan yatsu da kyau, ba ya hana alwala, kuma in mai zanen ta iya, za ta bi da zane ta kan gaɓoɓin har ba mai lura da su. Baƙin lalle da ake kira dayis, wanda ke kamawa cikin ƙasa da awa ɗaya, ba lalle ba ne zalla, akwai sinadarin rinin gashi mai suna PPD a ciki. Yana sa wasu ƙaiƙayi da bororo, ba lallai a ranar ba, wani lokaci sai bayan kwanaki, ya bar tabo daidai siffar furen da aka zana. Wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya ta ƙi shi har abada, har da rinin gashi. Fatar da ta tsage ko ta sirance ta fi saurin kamuwa, taki kuwa ta haɗa biyun. Ki tambayi mai ƙunshin abin da ta zuba a kwaɓinta, in kin ji warin fetur ko kananzir ki janye hannunki. In har ranar akwai sauran tsaga a buɗe, a zagaye wurin.

Saura maigida. Ina kyautata zaton wasa ya yi, maza da yawa ba su san inda magana ke sauka ba. Amma dariyar da kika yi ta nuna masa babu komai, alhali akwai. Ki samu lokacin da yake cikin nishaɗi, ba gaban yara ba, ki ce masa maganar nan ta taɓa ki, ki buɗe masa hannun ya ga tsagar da idonsa, ki faɗa masa abin da kike bukata: safar hannu, kuɗin asibiti, da mai wankau ko da sau ɗaya a mako ne don manyan kaya. Ba faɗa ba ne, lissafi ne. Sannan yaran nan maza huɗu. Wanda ya kai shekara goma ya isa wanke kayan makarantarsa da kwanon da ya ci abinci, ba kuma abin kunya ba ne, Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In babansu ne ya ba da umarnin da bakinsa, ba za ki sha gardama ba.

In kin yi wata guda kina duk wannan amma ƙaiƙayi da tsagewa ba su lafa ba, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa suna fitowa a gefen yatsu, ko farce ya yi kauri ya canza launi yana rabuwa da nama, ko wani baƙin layi ya fito a farce ɗaya yana ƙara faɗi, to ki nemi a tura ki wurin likitan fata, asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya bai yi miki nisa ba. Haka in rauni a hannu yana daɗewa bai warke ba, a auna sukari. Duk ranar da za ki je ki tafi da robar man ƙawar taki a jaka, ki faɗi wata nawa kika yi kina shafawa da kuma inda kike shafawa, don da shi likita zai san ta inda zai fara.